Bijimin gida, bijimin aro ko barbarar zamani: wanne ya dace da shanunka a ƙasar Gombe?

Duk mai shanu mata, ko guda uku ne a turke a bayan gida a Kumo, ko garke ne a hannun makiyayi wajen Dukku, lissafinsa ɗaya ne: maraƙi nawa zai samu, kuma cikin shekara nawa. Saniyar da ta shekara biyu ba ta haihu ba, ta ci dusa, ta sha magani, ba nono ba ɗa. A da ba a dogon tunani a kan wannan, bijimin garke ne ke aikinsa. Yanzu kuwa mutum zai ji an ce maƙwabcinsa ya kira malamin dabbobi an ɗura wa saniyarsa maniyyin bijimin Turai, ta haifo 'yar maraƙa baƙa mai dabbare-dabbaren fari, sai ruwan ido ya kama shi. Ya sayi bijimi ya ɗaure ne, ko ya ci gaba da aro, ko shi ma ya bi barbarar zamani?

Kowace hanya a cikinsu tana ba da maraƙi. Abin da ke raba su abu biyu ne: wa zai gane ranar da saniya take nema, da kuma abin da za a ciyar da ɗan da aka haifa. Wanda ya amsa waɗannan biyun tsakani da Allah, ya gama rabin zaɓi.

Yadda saniya ke nema

Saniya ba ta yarda da bijimi kullum. Idan ba ta da ciki, nemanta na zagayowa kusan duk kwana 21, wata ta yi 18, wata ta kai 24. A cikin waɗannan makonni uku, lokacin da za ta tsaya cak a hau ta bai cika wuce sa'a 12 zuwa 18 ba. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, nasu ya fi na shanun Turai gajarta, alamunsa ba su da ƙarfi, kuma sau da yawa da dare ko da asuba yake kamawa. A zafin Maris da Afirilu abin ya fi ɓuya: saniya za ta nema ta gama, mai ita bai ga komai ba.

Idan ka tsaya kusa da garke da sassafe, kafin a kwance su, ga abin da za ka gani. Saniyar da nema ya kusa kamawa ba ta zama wuri ɗaya. Tana kuka, tana shinshinar 'yan'uwanta, tana ɗora haɓa a kan ƙugunsu, tana ƙoƙarin hawa kansu. Gabanta ya ɗan kumbura, wani yauƙi garai-garai na zuba yana manne wa jela da cinya. Nononta ya ragu a ƙwarya, cinta ma ya ragu. Duk waɗannan shaida ne, amma alamar da ba ta ƙarya ita ce a hau ta ta tsaya ba ta gudu ba. Gashin gindin jelarta ya yamutse ko ya goge, da damina kuma ka ga taɓon kofato a kwiɓinta. Kwana ɗaya zuwa uku bayan haka wani lokaci akan ga ɗan jini a jela. Wannan jini ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne nema ya wuce, sai a fara ƙirga kwana 18 a sa ido.

Ƙwan haihuwa ba ya sauka sai bayan nema ya ƙare da kamar sa'a 10 zuwa 12, kuma ba ya daɗewa da rai, 'yan sa'o'i ne. Maniyyi kuwa yana iya kai kwana guda a cikinta. Saboda haka dole maniyyi ya riga ƙwai isa, ya jira shi.

Bijimi bai san lissafin sa'a ba, amma ba ya kuskure. Yana bin shanu yana shinshinar fitsarinsu, ya ɗaga kai sama, ya naɗe leɓen sama, dasashi a waje. Da haka yake jan ƙamshin zuwa wata gaɓa a saman bakinsa wadda ke gaya masa halin da saniyar ke ciki. Tun kwana ɗaya ko biyu kafin ta tsaya zai maƙale mata, ya kori duk wani ƙaramin sa da ya matso. Hawan kansa 'yan daƙiƙoƙi ne, zai kuma maimaita sau da dama. Bayan ya sauka za ka ga saniyar ta gantsare baya, jela a ɗage na ɗan lokaci. Wannan gadi na dare da rana shi ne ainihin abin da kake saya idan ka sayi bijimi, kuma shi ne aikin da ke dawowa kanka idan ka zaɓi barbarar zamani.

Idan ta ɗauka, ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, kusan kwana 283, masu tozo kan ɗan ɗara haka kaɗan.

Ma'aunin da za mu bi

Kuɗi, ba na ranar farko kaɗai ba, har da na ciyarwa da maimaici. Ɗorewa, wato ko hanyar za ta ci gaba da yi maka aiki shekara da shekaru, ko kuwa ta dogara da wani abu da zai iya yankewa. Sauƙi, wato yawan sa ido da zirga-zirgar da take nema daga gare ka. Haɗari, na cuta, na rauni, da na asarar lokaci. Sai irin ɗan da za a haifa, wanda mutane suka fi ɗoki a kansa, alhali shi ya kamata a fi yi wa dogon nazari.

Wajen kuɗi, kada ka tsaya a kan farashin bijimi ko na tsinken maniyyi, wato ɗan tsinken robar da ake ajiye maniyyin ɗuri a ciki. Farashin nan motsi yake: shanu na tsada gab da babbar salla da lokacin da manoma ke neman na huɗa, suna sauka a ƙarshen rani sa'ad da abinci ya yi wuya. Lissafin da ke da amfani shi ne ka tara duk abin da hanyar za ta ci a shekara, ka raba da yawan maruƙan da za ta ba ka.

Ka ajiye bijiminka

Ita ce hanya mafi tsada a ranar farko. Lafiyayyen bijimi ya fi saniya kuɗi, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota daga kara. Bayan haka yana ci kullum: harawa, dusa, angurya, gishiri, ruwa, allurar rigakafi, wankan kaska. Ba ya ba da nono, ba ya haihuwa. Sai dai kuɗinka bai narke ba, yana tsaye a kan ƙafa huɗu. Ranar da ka gama da shi ka yi masa kiwon turke na 'yan watanni, ka sayar da shi da daraja.

Cikakken bijimi ɗaya na iya ɗaukar shanu 25 zuwa 30, matashi kuwa kamar rabin haka. Ka ga ke nan mai shanu 20 cin bijimin ya rabu gida 20, mai shanu uku kuwa yana ciyar da ƙato shekara guda saboda aikin kwana uku ko huɗu. A nan ne lissafin ke tsayawa ko ya rushe.

Wajen sauƙi babu kamarsa. Ba kira a waya, ba jiran mai babur, ba ƙirga sa'a. Saniyar da ta nema da ƙarfe biyun dare ya riga ya san da ita.

Ɗorewarsa tana da iyaka da mutane ba sa son ji. Da zarar 'ya'yansa mata sun isa nema, dole ya bar garken, ko a raba su. Uba ya hau 'yarsa, jikoki su fito ƙanana, marasa ƙarfi, haihuwa ta yi ta ja baya. Shekara uku ta ishe shi a garke ɗaya, sai a sayar ko a yi musanye da wani mai garke da ba dangi ɗaya da naka ba. Akwai kuma wata matsala da ke ɓuya a manyan garkuna: tsohon bijimi mai ƙarfin ƙaho zai hana matasa kusantar shanu ko da shi kansa maniyyinsa ya mutu. Ana ganin yana hawa, ana cewa yana aiki, shanu kuma suna ta dawowa nema duk mako uku. Idan shanu da yawa suka dawo a tare, bijimi za a fara tuhuma, ba su ba.

Kafin ka biya kuɗi a kara, ka sa a riƙe shi ka duba da hannunka. 'Ya'yan marainansa su zama biyu, girma ɗaya, masu tauri daidai, ba kumburi, ba ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙafafun baya su zama lafiyayyu, domin a kansu yake tsayawa idan ya hau. Bijimi mai ɗingishi ba ya aiki. Ka duba gwiwoyi, idan akwai kumburi mai ruwa ka bar shi, alama ce da makiyaya suka daɗe da sani ta bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Ka tambayi uwarsa: tana da nono? Tana haihuwa a kai a kai? Ka kuma sani jikin bijimi na ɗaukar kusan wata biyu kafin ya haɗa sabon maniyyi, don haka wanda ya yi zazzaɓi ko sammore ya kama shi, ko ya warke ya yi ƙiba, zai iya yin wata biyu yana hawa a banza.

Haɗarinsa na fili shi ne ƙarfi. Bijimin da ya saba da mutane ma yana iya juyawa, musamman idan akwai saniya mai nema kusa. Gidan da yara ke kai ruwa da dusa turke, wannan abin dubawa ne sosai. Ga ɓarawo, ga ciwo: dukiya mai yawa ce a jiki ɗaya.

Irin ɗa kuwa, abin da ka saya shi za ka samu. Bunaji nagari zai ba ka 'ya'ya masu jure rana da tafiya, mazan su yi huɗa, matan su yi nono daidai gwargwado. Bokoloji zai ƙara jiki da sanyin hali. Akwai kuma masu sayen bijimi ruwa-biyu, rabi Turai rabi gida. Shi idan ya hau saniyar gida, 'ya'yan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin Turai za su ɗauko. Nono zai ɗan ƙaru, juriya ba za ta zube sosai ba. Amma shi kansa bijimin yana son inuwa da kula, kuma ba kowane baƙi da fari da aka kawo kara ne aka san asalinsa ba.

Aro, ko tura saniya garken wani

Mafi yawan masu shanu kaɗan wannan suke yi, kuma ba abin rainawa ba ne. Kuɗinsa kaɗan ne ko babu, ɗan goro ko buhun dusa, ko zumunci kawai. Ka je wurin mai garke ka ce, "Baffa, ga saniyata ta fara kuka, a taimaka a bar ta cikin naku kwana biyu." Shi ke nan.

Abin da ba ka biya da kuɗi ba kana biyansa ta wata hanya. Na farko, har yanzu kai ne za ka gane tana nema, sai dai idan za ka bar ta can mako uku ko fiye. Na biyu, bijimin ba a hannunka yake ba. Da rani, lokacin da garkuna suka yi kudu neman ciyawa da ruwa, ko suka shige gandun kiwo irin na Wawa-Zange da damina don kauce wa gonaki, saniyarka za ta nema ba kowa kusa. Kowane nema da ya wuce, mako uku ne ya tafi.

Na uku shi ne cuta, kuma a nan nake son mai karatu ya dakata. Akwai cututtuka biyu da bijimi ke ɗauka daga saniya zuwa saniya ta hanyar barbara, shi kuwa lafiyarsa ƙalau a ido, yana ci yana ƙiba. Ƙwayoyin suna zaune a cikin fatar gabansa, tsohon bijimi kan riƙe su har ƙarshen ransa. Saniyar za ta ɗauka, cikin ya lalace tun yana ƙarami ba a gani ba, sai bayan wata biyu ko uku ka ga ta dawo nema. Bijimin da ke zagaya gari ya fi kowa tara irin wannan. Bakkale kuma ya fi yaɗuwa ta hanyar cuɗanya: saniya ta yi ɓari a garke, yawanci a watannin ƙarshe na ciki, sauran su lashi ɗan tayin ko mabiyiyar, ko su ci ciyawar da ruwan ya zuba a kai. Saniyarka da ta je kwana biyu tana iya dawo maka da shi. Kuma bakkale ba a kan shanu yake tsayawa ba. Mutum na kamuwa ta shan nonon da ba a dafa ba, ko ta ciro mabiyiya da hannu ba safa, ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba shi maganin maleriya da taifot. Gwajin jini na gano shi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinsa ta 'yan maruƙa mata. Ga cututtukan cuɗanya irin su ciwon huhu da na baki da kofato, su ma a irin wannan shiga da fita ake kwaso su.

In dai aro za ka yi, ka tsaya a kan garke ɗaya da ka san tarihinsa, wanda ba a jin labarin ɓari a cikinsa, ka fi son matashin bijimi a kan tsoho.

Barbarar zamani idan saniya ta nema da kanta

Ga yadda abin yake. Ana tatsar maniyyi daga zaɓaɓɓen bijimi da aka gwada lafiyarsa, a tsarma shi, a zuba cikin siraran tsinkayen roba masu cin rubu'i ko rabin mililita, a daskarar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Muddin tsinken na nutse cikin wannan ruwa, zai yi shekaru bai lalace ba. A Najeriya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe a kan wannan aiki da kuma haɗa Friesian, wato shanun Turai masu baƙi da fari, da Bunaji, akwai kuma maniyyin da ake shigowa da shi daga waje.

Malamin zai zo da tulunsa. Ya zaro tsinke ɗaya da sauri, ya tsoma a ruwan ɗumi mai digiri 35 zuwa 37 na kamar rabin minti, ya goge shi sarai domin ruwa na kashe maniyyi, ya sa a cikin siririn ƙarfen ɗuri. Ya sa doguwar safar leda, ya tura hannu ɗaya ta duburar saniya ya kamo bakin mahaifa, ɗaya hannun ya zura ƙarfen ta gaba har ya wuce bakin mahaifar, ya matse a hankali. Minti kaɗan an gama. Daga narkarwa zuwa ɗuri kada ya wuce minti 10 zuwa 15.

Ƙa'idar lokaci mai sauƙin riƙewa ce: wadda aka ga ta tsaya da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Wahalar tana wajen gani. Sai an ware lokaci ana kallon shanu, aƙalla minti 20 zuwa 30 da asuba da kuma bayan magariba, kowace rana, ana rubutawa. Saniya ɗaya tilo a turke ta fi wuya, don ba wadda za ta hau ta ka ga ta tsaya. Sai dai ka dogara da kuka da yauƙi da ƙirgen kwanaki. Idan kai ma'aikaci ne a cikin garin Gombe, shanun na ƙauye hannun yaro, ka tambayi kanka ko yaron zai kira ka a kan lokaci.

Kuɗinta a kallon farko kaɗan ne idan aka gwada da bijimi: tsinke, ladan malami, man babur. Ba ka ciyar da kowa. Amma ka sa maimaici a lissafi. Ko a wuraren da suka ƙware, kusan rabin shanu ne ke ɗauka a ɗurin farko, a ƙauye kuma yakan gaza haka. Ka yi shirin biya sau biyu ko uku. Akwai tsinken da aka tace don ya ba da mace, kusan tara cikin goma, sai dai ya fi tsada kuma ɗaukarsa ta fi ƙasa, ya fi dacewa da karsana lafiyayya.

Ɗorewarta ba a hannunka take ba, tana hannun tulu da malami. Ruwan naitirojin yana ƙafewa kullum ko ba a buɗe tulun ba, sai ana ƙara shi. Ranar da ya ƙafe, duk tsinkayen ciki sun mutu, kuma ido ba ya bambanta matacce da mai rai. Don haka ka tambaya ba kunya: "Malam, yaushe aka ƙara wa tulun nan ruwa?" Ka ga farin hayaƙi na tashi idan an buɗe. Ka karɓi tsinken da aka yi amfani da shi ka ajiye, a jikinsa an rubuta sunan bijimin da irinsa. Wanda ya zo maka da tsinke a cikin ƙanƙara ko kular ruwan sanyi, ka sallame shi.

Wajen cuta, ita ce mafi tsabta, in dai maniyyin daga wuri mai gwaji ya fito. Saniyarka ba ta fita ba, ba bijimin da ya taɓa ta. Haɗarinta biyu ne. Hannun da bai ƙware ba yana ji wa mahaifa ciwo ko ya shigar da ƙazanta. Sannan girman ɗa: a ɗura wa ƙaramar karsanar Bunaji maniyyin ƙaton iri kamar Simmental ko Friesian, ranar haihuwa a sha wuya, wani lokaci a rasa uwa da ɗa. Karsana da ƙananan shanu, Jersey ya fi musu sauƙi, 'ya'yansa ƙanana ne wajen haihuwa.

Yanzu maganar ɗan da za a haifa. Gaskiya ne 'yar ruwa-biyu tana saurin girma, tana saurin isa haihuwa, kuma idan ta ƙoshi nononta na ninka na uwarta. Bunaji a kiwon gargajiya sau da yawa sai ta shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma ya kai kusan shekara biyu. Ruwa-biyu mai samun abinci tana rage wannan sosai. Amma nono daga baki yake shiga. Saniyar da aka halitta don nono mai yawa, idan ba ta samu abinci ba, jikinta za ta narkar ta zuba a ƙwarya, ta rame, ta daina nema. Kaska ta fi kama ta, kirci ya fi cin ta da damina, zafin Afirilu yana sa ta haki ta ƙi ci, doguwar tafiya ba tata ba ce. Namijin kuma tozonsa ƙarami ne, ba shi da juriyar rana kamar Bunaji, manomin Akko ko Kwami da ke neman shanun huɗa ba shi zai fara dubawa ba, ko da yake wajen kiwon nama yana da kasuwa. Rabin jini shi ne daidai ga yawancin gidajenmu. Idan aka sake ɗura wa 'yar ruwa-biyu maniyyin Turai, jikar ta zama kashi uku cikin huɗu, wannan kuwa sai mai rumfa, da ruwa wadatacce, da likita kusa. Kuma ba dole ne tsinke ya zama na Turai ba. Ana iya tambayar na masu tozo irin su Brahman ko Gudali.

Barbarar zamani da allurar tayar da nema

Wannan ita ce amsar matsalar gani. Likita zai yi wa shanu allura ko ya sa musu wani abu a gaba na wasu kwanaki, domin su nema kusan lokaci ɗaya, a ɗura musu a rana ɗaya. Wata sananniyar hanya ita ce allura biyu, kwana 11 tsakani. Kuɗi ya ƙaru, ga magani, ga zuwan likita sau uku ko fiye, amma idan maƙwabta biyar ko goma suka haɗa shanunsu, kuɗin zirga-zirga ya rabu, maruƙa kuma su zo tare.

Abu biyu ba a wasa da su. Dole a duba ciki tukuna, domin allurar tana zubar da cikin da ke akwai. Saniyar da ke yawo da garke tana iya kasancewa da cikin wata biyu ba wanda ya sani. Sannan allura ba ta maye gurbin abinci. Saniyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ko wadda ba ta kai wata biyu da haihuwa ba, asarar magani ce.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Irin ɗa |
|---|---|---|---|---|---|
| Bijimin gida | Mai yawa a farko, da ci kullum, ana mayarwa in an sayar | Kamar shekara 3, sai canji | Mafi sauƙi | Rauni, sata, barbarar dangi, bijimi marar haihuwa | Wanda ka zaɓa a kara |
| Bijimin aro | Kaɗan ƙwarai | Ya dogara da mai shi da lokacin shekara | Matsakaici | Cututtukan barbara da bakkale | Abin da aka samu |
| Ɗuri a kan nema | Kaɗan a kowane zuwa, amma da maimaici | Ya dogara da tulu da malami | Yana son sa ido kullum | Kuskuren lokaci, mataccen maniyyi, wuyar haihuwa | Zaɓi mai faɗi |
| Ɗuri da allura | Ya fi na sama | Haka nan, har da samun magani | Ba sai an yi gadi sosai ba | Ɓari in ba a duba ciki ba | Zaɓi mai faɗi |

Kowace ka ɗauka, lokacin shekara na da tasiri. A nan ƙasar, shanu sun fi ƙoshi daga Satumba zuwa Nuwamba, bayan ciyawar damina, ga karmami da harawa sun fara shigowa. Wadda ta ɗauka a Satumba ko Oktoba za ta haihu a Yuni ko Yuli, sabuwar ciyawa ta fito, nono ya wadata. Wadda ta ɗauka a Yuni za ta haihu a Maris, tsakiyar zafi da yunwa. Mai bijimi a garke ba ya iya tsara wannan sai ya ware shi, mai ɗuri kuwa yana iyawa. Bayan barbara ta kowace hanya, a sa ido a kwana na 18 zuwa 24, sannan a kira likita ya duba ciki da hannu bayan wata biyu, kada a zauna wata tara ana jiran abin da babu.

Wa ya dace da wanne

Mai garken da ya kai shanu 15 zuwa sama, musamman masu fita kiwo nesa ko masu tafiya cin rani, ya ajiye bijiminsa. Ya zaɓi nagari, ya gwada jininsa, ya canja shi kafin 'ya'yansa su isa, ya dandaƙe ƙananan mazan da ba ya son irinsu.

Manomin da burinsa shanun huɗa da taki da ɗan nonon gida, yana da saniya biyu ko uku, ya tsaya a kan irin gida. Aro daga amintaccen garke ya ishe shi. Idan su huɗu ko biyar ne a unguwa, su haɗa kuɗi su sayi bijimi ɗaya, su yi yarjejeniya a kan ci da magani, kuma kada a buɗe shi ga kowace saniyar da aka kawo daga waje.

Mai shanu biyu zuwa goma a turke kusa da Gombe, Kumo, Bajoga ko Dadin Kowa, wanda ke da mai sayen madara ko kindirmo kullum, yana da ruwa da rumfa, ya tanadi harawa da angurya na rani, kuma akwai mai kwana kusa da shanun, barbarar zamani tasa ce. Ya fara da saniya ɗaya ko biyu da suka taɓa haihuwa lafiya, ya ga yadda 'ya'yan za su ci ranin farko kafin ya ƙara.

Wanda ke da abinci da kuɗi amma ba shi da mai sa ido, ko ƙungiyar masu nono da ke son maruƙa su zo tare, su ɗauki ɗuri da allura, a Satumba ko Oktoba, bayan an duba ciki.

Mai babban garke da ke son ya taɓa nonon kasuwa ba tare da ya jefa duk dukiyarsa ba, ya haɗa biyu: ya ware shanu biyar mafi nono ya ajiye su gida a yi musu ɗuri, wadda aka yi wa sau biyu ba ta ɗauka ba a mayar da ita wurin bijimi, sauran garken su ci gaba da tafiyarsu yadda suka saba.